Rajazu da Tabarmar Unguwa

Umdurman. Lahadi, 2 ga Sha'aban, bayan la'asar

Na dawo daga inda nake zuwa kowace safiya, da jakar kayan ɗana Muhajir a hannuna kamar yadda na fita da ita. Mutumin da ke bakin ƙofar ya ce babu mai wannan suna a wurinsu. Cikin ladabi ya faɗa, har da kira na ya Ustaz. Su ma waɗanda suka zo da farar mota a watan jiya cikin ladabi suka ce tambayoyi kaɗan ne, zai dawo kafin shayi ya huce. Ba zan rubuta sunan wurin ba. Takarda ta daina riƙe amana a garin nan.

Da na sauka daga bas a gefen Kasuwar Libiya, sai na ga ba zan iya sake mayar wa matata Karima da abincin nan ba, ta buɗe shi a gabana ta ga ko loma ba a taɓa ba. Na zauna a gindin wani bango na kwance ƙullin. Can gefe wani kare yana kallona, launinsa na ƙasa, kunne ɗaya a yage, haƙarƙarinsa a fili kamar layukan allon da aka wanke. Na jefa masa kisrar da ke ciki, wainar dawar nan mai fale-fale. Ya fizge ta ya gudu, ya dawo, na ƙara jefa masa. Da na tashi ya tashi. Na kore shi a mararraba, na kore shi a bakin masallaci, ya biyo ni har ƙofar gida.

Na kai guzuri ƙofar da ta ƙi buɗewa,
Na juyo da shi ƙafafuna suna macewa,
Wanda ya ci shi ba ya iya godewa.

Baitin tsakiya ya yi nauyi. Ba ni da ƙarfin gyara shi.

Litinin, 3 ga wata, bayan asuba

Yana nan kwance ƙarƙashin randar ruwan da muke ajiye wa masu wucewa a ƙofar gida, yana lasar abin da ke ɗiga.

Karima ta leƙa ta dawo. "Malam, mene ne wancan a ƙarƙashin randa?"

"Kare ne."

"Na ga kare ne, ai ban makance ba tukuna. Me ya kawo shi ƙofata?"

"Kisrarki."

Ta dube ni, ta dubi jakar da ke rataye a ƙusa. Ta shiga ta hura wuta.

Laraba, 5 ga wata, da azahar

Babu mai wannan suna.

Alhamis, 6 ga wata, bayan magariba

Sanyi ya sauko daga kogi da ƙarfinsa, kuma wani ya jefi karen a ƙafar baya, har ta kumbura. Ban kira shi ba, Allah shaida ne. Ƙofa kawai na bari a buɗe na koma kan kujerata. Ya daɗe yana tsaye a dokin ƙofa kamar baƙon da bai tabbata an amsa sallamarsa ba, sannan ya shigo tsakar gida yana bin bango, ƙafafunsa na baya suna karkarwa. Masana awon waƙa sun ce an sa wa bahrin Rajazu sunansa ne saboda rawar da ƙafafun raƙumi mara lafiya ke yi idan zai miƙe. Shekaru ina koya wa ɗalibai wannan a aji, ban taɓa ganinsa da idona ba sai yau. Na sa masa suna Rajazu.

Karima ta ce, "Har da suna? To sai ka yanka masa rago."

Na zuba masa abinci a tsohon kwano, ya ƙi zuwa kusa. Sai da na juye a ƙasa na juya baya ya fizga ya kai gindin lemun tsami. Rabi ya ci, rabi ya binne. Bai yarda akwai gobe ba. Ban ga laifinsa ba.

Juma'a, 7 ga wata, bayan la'asar

Na ɗaga hannuwana zan yi kabbarar sallar la'asar a tsakar gida, sai ya yi kuka ya ruga bayan buhunan gawayi ya dunƙule. A rayuwarsa hannu bai taɓa tashi sama ba sai don jifa. Na idar da sallar zuciyata ba ta cikinta.

Yau ce ranar da abokaina ke zuwa ɗakin baƙi mu karanta ƙasidu, wannan ya kawo baiti wancan ya kushe shi. Na share ɗakin, na kunna turare, Karima ta dafa gahawa da citta. Ta huce a tukunyarta. Wataƙila sanyi ne ya hana su.

Lahadi, 9 ga wata, da hantsi

Haj Gwadabe ya zo. Shi ne dattijon lungunmu, tela a Kasuwar Umdurman tun kafin a haife ni, kuma mahaifinsa da kakana tare suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa da niyyar Hajji, tare suka yada zango a nan, zangon da bai ƙare ba har yau. Ya tsaya a waje. Na ce bismillah, ya ce yana sauri.

"Ustaz, an ce ka shigar da kare gida."

"Shi ya shigo, Haj."

"Ai ka san mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Kai da ya kamata ka riƙa neman mala'iku a kwanakin nan."

Na ce masa a mazhabarmu ta Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har yawunsa, kuma malamai sun halatta kare domin gadi. Na tuna masa da baƙin karen da ya ajiye wa awakinsa a shekarun baya. Ya ce wancan na awaki ne, ya gyara rawaninsa, ya dubi bakin lungu, ya sake dubawa, ya tafi. Bai tambayi lafiyar kowa ba. A da, Abu Muhajir yake kira na, kamar kowa a unguwar nan. Yanzu duk na koma Ustaz.

Talata, 11 ga wata, bayan azahar

Ina dawowa na tarar da ihu. Rajazu ya ja takalmin Muhajir ƙafa ɗaya daga bakin ɗakinsa, ya kai gindin lemu ya kwanta a kai. Karima ta bi shi da tsintsiya tana faɗa da Hausa tana ƙarasawa da Larabci, abin da takan yi idan ranta ya kai maƙura. Ya saki takalmin ya ɓuya. Ta ɗauka tana gogewa da gefen mayafinta, tana gogewa, tana gogewa, har bayan da babu sauran abin gogewa. Na shiga ɗaki na bar ta, domin akwai kukan da ba ya son shaida.

Ko haƙori bai sa wa takalmin ba. Na duba.

Alhamis, 13 ga wata, da yamma

Na gaji. Har alƙalamin nan nauyi yake yi mini.

Asabar, 15 ga wata, bayan isha

Ƙamshin hilu-mur ya cika unguwa, alamar azumi ya gabato. Tun makonni Karima ta tsirar da dawarta, ta shanya, ta niƙa, ta kwaɓa da kayan ƙamshi ta bar ƙullun ya yi tsami. Al'adar matan lungunmu ce su bi gida gida a wannan wata, su taru a kan faranti ɗaya na ƙarfe suna gasa ƙullun fale-fale, domin a jiƙa a sha lokacin buɗe baki. Aikin ya fi ƙarfin mace ɗaya. Karima ta yi wa kowaccensu nata. Yau ne layi ya zo kanmu.

Ta shimfiɗa tabarmi tun da sassafe, ta soya wainar fulawa, ta jera kofuna. Hantsi ya ɗaga, babu kowa. Can sai Bakhita, aminiyarta da suka yi ƙuruciya tare, ta yi magana ta saman katanga, ko zagayowa ba ta yi ba.

"Karima, malesh, ki yi haƙuri wallahi. Mata sun ce ba za su gasa abin azumi a inda kare ke yawo ba."

"Na ɗaure shi a can bayan ɗaki, Bakhita."

"Gashinsa fa? Iska tana ɗaukar gashi, 'yar'uwa."

Ita kaɗai ta yi gashin, daga hantsi har duhu, hayaƙi na cin idanunta. Na zo zan taya ta juya itace ta ce in koma ga baitocina. Da ta gama ta zauna a ƙasa, hannuwanta duk ƙuna, ta ce, "Malam, ka fitar da shi. Ba ni da ƙarfin rasa mutane kuma."

Litinin, 17 ga wata, bayan la'asar

Yau ya ci a kwano, ina zaune kusa da shi. Kumburin ƙafar ya saɓe. Ya koyi cewa wajen girki ba hurumi ba ne gare shi, yakan tsaya daidai inda inuwar rumfa ta ƙare ya zauna yana kallon Karima, ita kuma tana yi kamar ba ta gan shi ba.

Farar motar ta sake tsayawa a bakin lungu. Ba ta shigo ba, tsayawa kawai take yi. Rajazu ya ji ƙarar injin, gashin bayansa ya miƙe, ya yi haushin da ban san yana da shi a ƙirjinsa ba. Ban san lokacin da na durƙusa na kama bakinsa da hannu biyu ba. Wannan ne karon farko da na taɓa shi. Zuciyarsa tana bugawa a gwiwata, tawa tana amsa mata, muka zauna haka har motar ta tashi. Bai cije ni ba.

Laraba, 19 ga wata, bayan la'asar

Ban je waccan ƙofar ba yau. Na tsaya na yi masa wanka da ruwan ɗumi da sabulun wanki, na cire masa kaska ɗaya bayan ɗaya ina jefawa a garwashi. Ashe akwai farin tabo a ƙirjinsa, datti ne ya rufe shi. Da la'asar na yi kabbara, ya ɗaga kai ya dube ni, ya mayar da kansa kan ƙafafunsa. Na yi murnar da na ji kunyarta.

Ya kai da ba ka da dangi ko makwanta,
Ni mai dangi ne, ga ƙofata a kulle ta,
Zo mu raba inuwar nan da ƙarancinta.

Juma'a, 21 ga wata, bayan sallar Juma'a

Haj Gwadabe ya ja ni gefe a harabar masallaci. Ya ce jama'a sun yi magana. Idan azumi ya kama karen yana gidana, ba za su ji daɗin haɗa hannu a kwano da wanda kare ke shafar rigarsa ba.

Ya san abin da ya taɓa. A lungunmu, kamar ko'ina a Umdurman, namiji ba ya buɗe baki a cikin gida. Doguwar tabarma ake shimfiɗawa a ƙofar Haj Gwadabe, kowane gida ya fito da tirensa, a cakuɗa kwanuka har ba a san na wane ba, mai nama da mai wake su zama ɗaya. A kan tabarmar nan na yi azumina na fari ina jingine da cinyar mahaifina. A kanta Muhajir ya yi nasa. Ban taɓa sanin wata magariba ta Ramadan da ba ita ba.

Na ce, "Haj, karen ne kawai?"

Ya ce, "Me kuma zai zama, Ustaz?"

Lahadi, 23 ga wata, da yamma

Na haye gada zuwa Khartum. A tashar Suk al-Shabi wata mata da nake yawan gani a waccan ƙofar, ita ma da jakarta, ta ce an ce an kwashe wasu zuwa gabas. Wani ya ce an ce ba gabas ba. An ce za a saki wasu albarkacin azumi. An ce bara ma haka aka ce. Na dawo da an ce cike da aljihu.

Rajazu kaɗai ne ya tarye ni a ƙofa.

Talata, 25 ga wata, bayan magariba

Na fitar da Rajazu. Akwai wani Hadi mai gasa jan bulo a bakin kogi, na taɓa koyar da ƙaninsa, ya ce yana son kare saboda ɓarayin itace. Ban sa masa igiya ba a hanya, gefena yake tafiya, wani lokaci ya wuce gaba ya tsaya ya jira ni, yana tsammanin yawo muka fito. Hadi ya ɗaure shi a jikin turke kusa da ramin wuta, ya ce, "Kada ka damu ya Ustaz, kare bai da dogon tunani, kwana biyu ya manta."

Na so ya yi haushi, ko ya ja igiyar. Zama ya yi yana kallona har na hau gangaren.

Laraba, 26 ga wata

Karima ta wanke tsakar gida da ruwa da ƙasa, ta turara ko'ina. Gidan ya yi tsaf. Ana jin ɗigar randa daga ɗaki.

Juma'a, 28 ga wata, da yamma

Na shaida wa Haj Gwadabe cewa karen ya bar gida. Ya ce madalla, yana kallon carbinsa. Ɗakin baƙi na nan a share.

Lahadi, 30 ga wata, bayan isha

Gobe azumi. Allah Ya sa yana da abin sahur, a duk inda yake.

Litinin, 1 ga Ramadan, bayan isha

Karima ta yi girki kamar za a ciyar da runduna: tuwon asida da miyar busasshen nama, dafaffen wake da dabino, da babban jug na hilu-mur ɗin da ta ƙona hannuwanta a kai. Na sa farar jallabiya da ba ta taɓa sanin kare ba, na ɗauki tire na fita.

An yi mini wuri. Wuri mai faɗi ƙwarai, wanda mutum uku za su zauna. Na damana ya matsa, na haguna ya tuna yana da magana da wani a can ƙarshe. Aka cakuɗa kwanuka kamar kullum, nawa suka tsaya a gabana kamar an kafa su da ƙusa. Da aka kira salla na miƙa jug ɗin ga maƙwabcina, ya ce ya riga ya zuba. Kowa ya yi mini barka da shan ruwa, kowa idonsa na kan bakin lungu. A sahu ma kafaɗata ba ta taɓa ta kowa ba.

Na mayar da tiren. Karima ta buɗe kwanukan ɗaya bayan ɗaya. Gurbin hannuna kaɗai ne a asidar.

Ta ce, "Ai karen ya tafi."

Na ce, "Ya tafi."

Kowa ya san abin da ɗayan bai faɗa ba.

Talata, 2 ga Ramadan, bayan isha

Haka aka sake yi. Ina naɗe hannun riga zan ɗauki tire, Haj Gwadabe ya sunkuya kamar yana gyara tabarma, ya yi magana ƙasa ƙasa, da Hausar tsofaffi wadda bai cika yi ba yanzu.

"Ɗan'uwana, jikokina maza suna jami'a. Ka yafe mini."

Ban ji haushinsa ba, kuma wannan ya fi komai gajiyar da ni. Da jikokin nawa ne, ban san a ina zan zauna ba.

Na faɗa wa Karima. Ta daɗe tana kallon gindin lemu, sannan ta ce, "Kai da ilminka, ni da shekaruna, muka ɗauki laifi muka ɗora wa dabba. Gobe ka je ka ɗauko shi."

"Bakhita fa?"

"Bakhita tana da katanga, ta yi magana ta samanta."

Laraba, 3 ga Ramadan, da azahar

Tafiya bakin kogi da azumi ba ƙaramin abu ba ne ga mai shekaruna. Hadi ya ce, "Gwamma da ka zo, ya Ustaz. Wannan ba kare ba ne, waliyyi ne, tun kafin a ga wata yake azumi. Ɓarawo ma ya zo ya ɗebi itace a gabansa, ko tari bai yi ba."

Ya rame ya koma kamar ranar farko. Na kwance igiyar. Bai yi tsalle ba, bai kaɗa wutsiya ba. Ya shinshina gefen rigata ya daɗe, kamar mai karanta doguwar takardar neman gafara yana duba kurakuranta. Sannan ya juya ya kama hanyar gida, ni a baya.

Karima ta ajiye masa kwano a bakin rumfa, a cikin inuwa.

Alhamis, 4 ga Ramadan, bayan isha

Na shimfiɗa ƙaramar tabarma a ƙofar gidana, na jera kwanuka. Daga inda nake ina hango doguwar tabarmar, su ma suna hango ni. Rajazu ya kwanta a dokin ƙofa.

Rana tana gab da faɗuwa sai ga wani mutum ya shigo lungu da sauri, hannuwansa baƙi ƙirin da man mota, ga alama gidan wani yake nema. A ƙasar nan ba a barin matafiyi ya wuce a irin wannan lokaci, ko da za a tare shi da rawani ne. Ƙofata ce ta farko. Na miƙe na tsaya a gabansa na ware hannuwa.

"Wallahi ba ka wucewa."

"Ya Haj, ana jira na."

"Su jira. Na rantse."

Ya yi dariya ya zauna. Sunansa Abdulganiyu, direban babbar mota ne daga Al-Ubayyid, motarsa ta lalace a bayan kasuwa. Bai san kowa ba a nan, bai san komai ba. Ya wanke hannu, ya kafa kai a jug ɗin hilu-mur ya sha har sai da ya yi nishi, ya ce wadda ta gasa wannan Allah Ya gina mata gida a Aljanna. Na san tana bayan ƙofa tana ji. Ya sa hannu a kwanon da nake ci, yatsunsa suna karo da nawa, yana ba ni labarin wata taya da ta fashe masa a tsakiyar yashi. Ban fahimci rabin labarin ba. Na yi ta tura masa nama.

Da ya tsotse ƙashi ya waiga ya ga Rajazu, ya jefa masa. Rajazu ya dube ni tukuna, sannan ya ɗauka, ya ci a nan inda yake.

"Ma sha Allah, mai tarbiyya ne," in ji Abdulganiyu. "Na unguwa ne, ko naka?"

Lungun ya yi tsit a lokacin, ana jin ƙarar cokali daga waccan tabarmar. Ban rage murya ba.

Na ce, "Nawa ne. Na gidan Abu Muhajir ne."